Wasiƙa Daga Greensboro: Masu Hannu Da Shuni



Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri ga Baba da Inna, da su Kawu da Gwaggo, da yayyena da ƙannena, da dukkan abokan arziki da suke bibiyar waɗannan wasiƙu nawa, ina fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya, amin. Ni dai a nan sai godiyar Allah, karatu yana ta tafiya, sanyi kuma ya fara ja da baya.

Tun lokacin da na sanar da ku cewa binciken da nake yi a kan tarihin tufafi ne, tambaya iri ɗaya ce take ta zuwa mini, wasu cikin raha, wasu kuma da gaske suke, wai yaya mutum zai ƙetare teku ya bar iyalinsa don ya karanci riga da zane? To, wasiƙar yau amsa ce ga wannan tambaya. Abin da nake so in nuna shi ne, kaɗi da saƙa da rini da ɗinkin hannu da jera duwatsun ado, waɗanda muka taso muna gani a matsayin sana'ar neman abinci kawai, fasaha ce cikakkiya mai dogon tarihi, wadda ta cancanci a tsaya a dube ta kamar yadda Turawa suke tsayawa gaban zanen da ke rataye a bango. Sai ku yi haƙuri, wasiƙar za ta ɗan yi tsawo.

Bari in fara da wata magana da kowa ya sani. Idan Bahaushe zai ambaci attajirai sai ya ce masu hannu da shuni. Yau yaro yana faɗin haka bai taɓa ganin shuni da idonsa ba, amma maganar tana ɗauke da tarihin wani zamani da dukiya take tafiya tare da baƙin yadi mai sheƙi, wanda duk wanda ya yi hulɗa da shi sai ya bar masa alama a hannu. Harshe ba ya ƙirƙiro irin wannan magana a banza.

Rini da ganyen baba tsohon abu ne a Afirka ta Yamma. A kogunan duwatsun Bandiagara da ke ƙasar Mali an samo guntayen saƙa masu rinin baba da suka kai ƙarni na 11. A Kano kuwa, marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma a zamaninsa ne aka kafa kasuwar Kurmi. Amma bunƙasar sana'ar ta sosai ta zo ne a ƙarni na 19, bayan jihadin 1804, lokacin da Daular Sakkwato ta haɗe garuruwa masu yawa ƙarƙashin tuta ɗaya, fatake suka samu faffaɗar kasuwa, masu sana'a kuma suka riƙa ƙaura daga gari zuwa gari. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975. Ya nuna cewa ɗaya daga cikin sirrin bunƙasar shi ne laso, wato simintin gargajiya da ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga gindin ramin rini aka ƙona, da dafara, da gashin dabbobi. Da laso aka samu damar barin manyan tukwane aka koma haƙa ramuka masu zurfi da ba sa yoyo, waɗanda suke cin yadi mai yawa a lokaci guda. Kafin ƙarshen ƙarnin, ramukan rini a ƙasar Kano sun haura dubu goma.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadi. Ya rubuta cewa saƙar Kano tana kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, tana kaiwa Tambutu ta yamma, har bakin tekun Atlantika. Ya ƙiyasta cewa Tambutu kaɗai ana kai mata kayan raƙuma 300 a shekara, na kuɗi wuri miliyan 60, duk abin da ake fitarwa waje kuwa bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Wani abin da ya lura da shi, wanda za mu dawo kansa, shi ne duk wannan aiki a cikin gidaje ake yin sa, iyali-iyali, saɓanin manyan masana'antun Turai da ya baro.

Ku dubi hannaye nawa riga guda take bi kafin ta hau jikin mai ita. Manomi ya noma auduga. Mata a cikin gida su gurje ta, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari, suna dangwalar alli a yatsa, su fitar da siririn zare da kuma abawa. Masaƙi ya zauna da ƙoshiyarsa ya saƙa sawaye, wasu faɗinsu bai wuce yatsa biyu ba. Maɗinki ya haɗa sawayen nan ɗaya bayan ɗaya da allura. Marini ya tsoma a karofi. Mabugi ya buga. Sannan malami, wanda hannunsa ya saba da zayyanar allo, ya zana fasalin aikin a kan aljihu da wuya, masu ɗinkin hannu kuma su kwashe watanni suna cikewa. Wata farfesar tarihi da ta daɗe tana koyarwa a jami'ar UNCG ta nan garin, Colleen Kriger, ta rubuta littafi a 2006 kan tarihin tufafi a Afirka ta Yamma, ta kuma yi nazari a kan babbar riga ta Daular Sakkwato, inda ta nuna yadda Hausawa da Nufawa da Yarabawan Ilori duk suke da hannu a cikinta. Shi ya sa har yau muke cewa girken Nufe. Zaren ma ba na wuri ɗaya ba ne: tsamiya siliki ce ta daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, alharini mai ja kuwa ta Sahara yake zuwa daga Tarabulus, shi ake sa wa barage da shafin ƙasan riga. Sarki idan zai yi naɗi da riga da rawani yake yi, saboda haka rigar nan takardar shaida ce da ake sawa a jiki.

Akwai gefen labarin da ba shi da daɗi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Kaso mai yawa na audugar nan da baban nan bayi ne suka noma su a rinji da gandayen sarakuna da attajirai. Haka abin yake a nan ɓangaren duniya ma. A Karolina ta Kudu, maƙwabciyar jihar da nake, noman baba ya kafu ne a shekarun 1740 a gonar iyalan wata mata mai suna Eliza Lucas, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka su ne suka yi aikin, cikin wari da ƙudaje, har ya zama kafin yaƙin neman 'yancin Amurka ana fitar da shuni fiye da fam miliyan ɗaya a shekara zuwa Ingila. Duk wanda zai yaba kyan shuni, a can ko a nan, ya kamata ya tuna da waɗannan bayin Allah da ba a rubuta sunayensu ba.

Yanzu bari in ba ku labarin garin da nake zaune, domin kuwa shi ma garin marina ne, ko da yake irin nasu daban. Wasu 'yan'uwa biyu, Moses Cone da Ceasar Cone, 'ya'yan wani Bayahude da ya yi ƙaura daga Jamus, su ne suka kafa masaƙu a Greensboro a ƙarshen ƙarni na 19, sannan a 1905 suka buɗe babbar masaƙar White Oak, wadda ba ta saƙa komai sai yadin da ake ɗinka wandon jins da shi. Daga 1915 kamfanin Levi's ya riƙa sayen yadinsa a wurinsu, wandon Wrangler ma a nan garin aka haife shi a 1947. Idan kuna da wandon jins a kusa ku juya cikinsa ku gani, za ku tarar ya fi wajen haske. Dalili shi ne zaren tsaye kaɗai ake rinawa, na kwance fari ake barinsa. Launin nan kuwa shi ne dai na baba, sai dai nasu na kanti ne, wanda wani masanin haɗa sinadarai ɗan Jamus, Adolf von Baeyer, ya gano yadda ake haɗa shi, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shi a 1897. Ke nan matashin da ke yawo da jins a Zoo Road da Buzun da ya naɗa rawani a Agadas, launi ɗaya suke sanye da shi.

Ga masu son sanin yadda abin yake aiki, shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Shi ya sa marini yake zuba baba da toka da katsi a rami ya bar su kwanaki suna ruɓa yana motsawa. Ruwan toka da ƙananan halittun da ke ruɓar da ganyen su ne suke sauya shunin ya narke, ya koma ruwan ɗorawa mai ratsin kore. Idan aka tsoma yadi aka ɗago, da iska ta buge shi sai ka ga yana juyewa shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, har sai ya kai baƙin da ake so. Marinin Ƙofar Mata bai shiga ajin kimiyya ba, amma da hancinsa da idonsa da kumfar da ke saman ramin yake gane ko baba ya nuna ko ya mutu. Kuma tun da shunin a bayan zare yake kwanciya, ba ya shiga cikinsa sosai, shi ya sa jins yake koɗewa a gwiwa, rawani kuma yake rina goshin mai shi.

Ƙololuwar wannan sana'a a wurinmu ita ce ta garin Kura. Can ne ake yin turkuɗi da rawani ɗan Kura, da sawaye sirara ƙwarai, a rina su har su yi baƙi wuluk, sannan a kai wa mabuga su barbaɗa garin shuni da ɗan kitse, su ɗora a kan gungume su yi ta bugu da manyan sanduna har yadin ya ɗauki sheƙi kamar ƙarfe, a naɗe shi a takarda don kada ya ɓaci. Buzaye suna ba da dukiya mai yawa a kansa, har Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutane saboda yadda yake rina musu fata.

A nan ne wani abin mamaki ya shigo. A ajinmu akwai wata ɗaliba 'yar ƙasar Sin daga lardin Guizhou, 'yar wata ƙabila da ake kira Dong, su kuma suna kiran kansu Kam. Yawansu ya haura miliyan uku, suna zaune a tsaunukan da ke tsakanin lardunan Guizhou da Hunan da Guangxi. Ranar da aka ce kowa ya kawo wani abu daga gida a tattauna a kansa, sai ta zo da rigar kakarta, kuma wallahi da a Kurmi na gan ta cewa zan yi daga Kura aka kawo yadin. Su ma audugarsu suke nomawa, su kaɗa, su saƙa, su rina da wani ganye nasu mai ba da shuni wanda suke jiƙawa da farar ƙasa, su yi ta maimaita rinin na makonni, sannan su shafa ruwan dafaffiyar fatar saniya da farin ƙwai, su ɗora a kan dutse su yi ta bugu da guduma ta itace har ya yi ƙyalli mai ratsin ja. Bambancin shi ne a wurinsu mata ne suke yin aikin tun daga farko har ƙarshe, uwa ta koya wa 'yarta, kuma yarinya takan fara tanadin kayan aurenta tun tana ƙarama, da ɗinkin hannu na furanni da tsuntsaye a bakin hannu da ƙirji, da majanyin goyo mai ado, da azurfa, da ƙananan duwatsu da ake jerawa a gefen tufafin biki. Mutanen Kura da mutanen Dong ba su taɓa haɗuwa ba, amma idanunsu sun tsaya a kan abu guda, wato baƙin da yake mayar da haske. Lallai tafiya mabuɗin ilmi.

Tun da na ambaci duwatsu, bari in ce wani abu a kansu, musamman saboda su Inna da Gwaggo. Murjani da tsakiya da jigida su ma suna da nasu tarihin. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, an tono wasu tsofaffin kaburburan sarakuna a 1992, aka samu duwatsun ado jajaye, da kayan zinariya da tagulla da hauren giwa, da wata tasa da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya, abin da ya nuna shekaru ɗari biyar zuwa sama da suka wuce ƙasar Hausa tana cikin kasuwancin duniya tsundum. Wasu daga cikin kayan har an kawo su nan Amurka an nuna su a wani baje koli kusa da Chicago a 2019. A Igbo-Ukwu kuwa, Thurstan Shaw ya tono duwatsun ado fiye da 165,000 na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, a Ile-Ife kuma an tabbatar mutanen wurin da kansu suke narka gilashi tun wajen ƙarni na 11. Masagan Bida har yau an san su da ƙera duwatsu da awarwaron gilashi. Jan dutsen nan lantana, fatake ne suke kawo shi Ilori inda ake fere shi a huda shi a goge. Murjani na asali daga teku yake fitowa, ta Sahara yake iso mu. Ku lura da yadda muke sa wa 'ya'yanmu mata suna Murja da Lantana. Mutum ba ya kiran 'yarsa da sunan abin da ya raina. Kuma jera su ma gwaninta ce, domin tsohuwar da ta iya ta san inda za ta sa babba a tsakiya, da yadda za ta bi da ƙanana hagu da dama, da launin da zai raba tsakani, ta yadda idan aka ɗaura zai kwanta a wuya daidai. Ga macen da, waɗannan duwatsu da tasoshinta su ne bankinta, ranar da ta shiga matsi su take fitarwa.

To, me ya sa ba mu saba kiran waɗannan abubuwa fasaha ba? Ina ganin wani ɓangare na amsar yana nan garin. Su Moses da Ceasar suna da 'yan'uwa mata biyu a birnin Baltimore, Claribel da Etta, waɗanda da kuɗin masaƙun nan suka riƙa zuwa Faransa suna sayen zane-zanen Matisse da Picasso tun kafin duniya ta san darajarsu. Da Etta ta rasu a 1949, mafi yawan kayan suka tafi gidan adana kayan fasaha na Baltimore, wani kaso kuma ya zo gidan Weatherspoon da ke cikin jami'ar UNCG. Wato gumin masaƙa ne ya sayi zanen, zanen ya samu bango da fitila da sunan mai shi a rubuce, yadin da ya biya kuɗin kuwa aka bar shi a matsayin kayan aiki. Abin dariyar shi ne shi kansa Matisse a garin masaƙa ya taso a arewacin Faransa, kuma duk rayuwarsa yana tara yadudduka, har da saƙar mutanen Kuba ta Kwango, yana koyon haɗa launi daga gare su. Rabewar nan tsakanin fasahar bango da sana'ar hannu al'adar Turai ce ta wani zamani, mu kuma muka karɓe ta a makarantar boko ba tare da mun tambaya ba.

Su da suka kawo rabewar sun daɗe da fara warware ta. A 1972 babban gidan fasahar zamani na New York ya yi baje kolin tufafi da kayan adon Afirka. A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma yi shekaru yana nazarin ɗinkin hannu na Hausawa, ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan. A 2002 aka rataye bargunan faci na wasu matan baƙar fata daga ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a manyan gidajen fasaha na Houston da New York, masana suka yi ta yabo. Rigunanmu, aska biyu da aska takwas da malum-malum, suna nan a gidajen tarihi na Landan da Balin da garuruwan Amurka, ana riƙe su da safar hannu. Amma abin da yake ci mini rai duk lokacin da na duba bayanansu shi ne, galibi za ka ga an rubuta ƙabila da ƙarni, wurin sunan wanda ya yi kuwa babu kowa. Mutum ya ƙare idonsa a kan aljihun riga wata shida, an adana rigar, shi an manta da shi.

Yadda sana'ar ta ja baya kuwa ba dare ɗaya ba ne. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ƙungiyar masu noman auduga ta Ingila, BCGA, ta zo da burin kwashe audugarmu zuwa masaƙun Lankasha, amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai manoma suka karkata ga gyaɗa, masaƙan gida kuma suka riƙa ba da farashin da ya fi na Bature a kan auduga. Wato sun yi tsayin daka na shekaru masu yawa. Sannu a hankali yadin kanti da shunin kanti da keken ɗinki suka ci ƙarfinsu. Daga baya muka gina namu masaƙun zamani, irin Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, amma ita ma ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, Kantin Kwari kuma ya cika da atamfar Sin. Kada ku zaci mu kaɗai abin ya shafa. Kamfanin Cone ya karye a 2003, White Oak kuma ta rufe a ƙarshen 2017 bayan shekaru 112, mutum kimanin 200 suka rasa aiki, saƙar ta koma Meziko da Sin. Ɗaya daga cikin tsofaffin masaƙunsu, Revolution Mill, yanzu gidajen haya ne da ofisoshi da wuraren cin abinci. Ita ma abokiyar karatun nan tawa ta ce a ƙauyensu 'yan mata sun tafi birane aikin masana'anta, tsofaffi kawai aka bari da gudumar bugu. Masana'antar da ta kashe wa marinin Kano kasuwa ita ce ta kwashe 'ya'yan matan Dong daga gaban uwayensu.

Duk da haka akwai abin da muka fi mutanen Greensboro. Tasu fasahar a cikin inji take, da aka kashe injin sai ta tsaya. Tamu kuwa, kamar yadda Barth ya lura, a hannun mutane take, kuma har yanzu akwai masu ita. Ana rini a Ƙofar Mata ko da ramuka da yawa sun bushe, ana ɗinkin hannu a cikin birnin Zariya, maza da mata, kuma son sheƙi bai bar mu ba. A nan garin akwai 'yan Nijar da yawa, Hausawa da Zabarmawa, kuma ranar Sallah idan ka ga shaddodi suna ɗaukar ido a filin Idi sai ka rantse a Maraɗi kake. Shaddar daga Ostiriya ko Sin take zuwa, amma idon da ya zaɓe ta idon jikan masu kore ne, kuma har gobe mabuga suna buga shadda a Kano. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka idan tsohuwar riga ta shigo hannunku, ga yadda za ku dube ta. Ku ƙirga sawayen, domin yawansu da sirantarsu su ne suke nuna darajarta. Ku ɗaga ta a rana ku ga ko zaren kaɗin hannu ne, za ku gane shi da ɗan kauri da siranta da ke cikinsa. Idan saƙi ce, ku matso da ita kusa ku ga yadda fari da baƙi suka sarƙu kamar gashin zabuwa. Ku juya cikin aljihun, domin gwani ta baya ake gane shi. Ku dubi yadda aikin ya taru a hagu, asake suna zubowa daga kafaɗa, tambari kuma yana zaune shi kaɗai a dama da baya, amma duk da haka rigar ba ta karkace a ido ba. Wanda ya tsara wannan ya san ma'auni, ko da bai taɓa jin sunan Matisse ba.

Daga ƙarshe ina da roƙo, kuma ina yin sa ne da dukkan ladabi ga Baba da su Kawu. Na samu labarin cewa da aka zo gyaran ɗakin marigayiya Hajiya Kaka, Allah Ya jiƙanta, an buɗe adudunta an samu koren marigayi Malam da rigarsa saƙi, da rawani ɗan Kura da ko takardarsa ba a warware ba, da murjaninta silli uku, har wata dillaliya ta fara zarya. Na san kayan gado ne, kuma hakkin magada ne a raba yadda shari'a ta ce, ba ni da ta cewa a kan wannan. Abin da nake roƙo shi ne a sa wanda ya san kaya ya yi musu kuɗi na adalci, ni kuma in Allah Ya yarda zan biya daga ɗan abin da nake samu a nan, a raba wa masu hakki, kayan su zauna a gida a matsayin na kowa. Kafin nan don Allah kada a wanke rigunan da omo, kada a ƙulle su a leda, a naɗe su a farin ƙyalle mai tsabta a riƙa shanya su a inuwa lokaci-lokaci, murjanin kuma kada a tsinke shi, domin yadda ta jera shi ma abin adanawa ne.

Ku kuma ƙannena, ga naku aikin. Ku samu Gwaggo Babba da safe lokacin da take da nishaɗi, ku kunna waya ku ɗauki muryarta. Ku tambaye ta wa ya kaɗa zaren, wane masaƙi ne ya saƙa, a wace marina aka rina, wa ya yi aikin wuyan, a wace shekara kuma don wane biki. Duk sunan da ta tuna ku rubuta shi a takarda ku sa a cikin aljihun rigar. Ita kaɗai ta rage a gidanmu da ta san waɗannan mutane da idonta.

A gaida yara duka, a gaida maƙwabta da mutanen masallaci. Ina neman addu'arku, domin wata mai zuwa zan gabatar da babi na biyu gaban malamaina. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, Ya sada mu da alheri, amin.

Wassalam.

Naku har kullum,
daga Greensboro, Karolina ta Arewa, Amurka.